Dubu 180 gare ni, wane mayik zan saya?

Sadiq Pantami:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Ni ƙaninku ne, na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Shekara biyu ke nan ina rubuta waƙa, littafina na biyu ya kusa cika, amma uku kacal na taɓa ɗorawa a situdiyo. Duk zuwa sai na biya kuɗin zama, ga shi ana ɗora mini murya ana kallon agogo saboda wasu na jira a waje. A ta ƙarshen ban ji daɗin baiti na biyu ba, aka ce mini "ya yi, za mu gyara a miksin." Har yau ba a gyara ba.

To na yi adashi a shagon POS da nake zama, na kwashi dubu 180. Yayana ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa HP, Core i5 ce, RAM 4. Na ga wani haɗi ana talla: mayik BM-800 mai ruwan zinari, da ƙafarsa mai lanƙwasa, da saund kad V8 (akwatin da ke haɗa mayik da waya ko kwamfuta), har da fitila mai zobe. Duka bai kai rabin kuɗina ba. Tunanina in saya, ragowar in ɗauki lasifika biyu. In tura kuɗin ko in dakata?

Kb Wunti:
Dakata. Kai, dakata mana! Wannan kayan na 'yan TikTok ne, ba na mawaƙi ba.

Oga Bala Jekadafari:
Wa alaikumus salam Sadiq. Kafin mu kai ga mayik, amsa mini waɗannan. A wane ɗaki za ka yi aikin? Ƙasansa siminti ne ko tayil? Akwai silin ko kwano ne tsirara? Tagarka tana kallon titi ko tsakar gida?

Sadiq Pantami:
Oga ɗakin zaure ne, shagon samari. Tayil ne, silin na roba. Tagar tana kallon layi, kuma gaskiya 'yan Keke suna bi sosai, ga mai injin markaɗe gida na uku daga namu. Cikin ɗakin katifa ce kawai sai kujerar roba da akwatina.

Oga Bala Jekadafari:
Tashi yanzu ka rufe ƙofa, ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Ka dawo ka faɗa mini abin da ka ji bayan tafin.

Sadiq Pantami:
Na yi. Akwai wani "tarrr" da ke biyo baya, kamar an kaɗa faranti.

Oga Bala Jekadafari:
To wannan "tarrr" ɗin shi ne zai zama abokin amshinka a kowace waƙa. Ko na ara maka mayik ɗin da ya fi kowanne tsada a situdiyona, shi zai fara ɗauka, kuma zai ɗauke shi da kyau fiye da yadda mai araha zai yi. Shekara 12 ina wannan aikin. Yaran da ke kawo mini murya daga gida in yi musu miksin, wanda mayik ya kashe wa aiki kaɗan ne. Ɗaki ne ke kashe su. Muryar da ta fita daga tune zan iya jawo ta, wadda ta yi ƙasa zan iya ɗaga ta, amma amsa-kuwwar ɗaki in ta shiga ta shiga ke nan, kamar gishiri a miya.

Kb Wunti:
Oga Bala gaskiya ne, amma kar a tsorata yaro. Sadiq, ka nemi kondensa na gaske, wato mayik irin na situdiyo mai ɗaukar ko da ƙaramin sauti. Audio-Technica AT2020 nake amfani da shi shekara huɗu, da saund kad Focusrite Scarlett Solo. Muryar da yake bayarwa tas, kana jin numfashi, kana jin ƙarshen kalma. Waƙar Hausa ta zamani murya ce a gaba, siririya mai sheƙi. Da mayik ɗin taro ba za ka samu wannan ba. Ko da yake ku mutanen Gombe sai an yi muku a hankali, tun da aka yaye ku daga Bauchi a 1996 ba ku gama tsayuwa da ƙafafunku ba.

Maryam Tumfure:
Yaya Kb, mu da muka tafi muka bar muku zafin rai. Amma tambaya: kuɗin Sadiq zai sayi AT2020 da Scarlett a yau? Mayik ɗin kaɗai wajen dala 100 ne a can inda ake yin sa, kafin ya hau jirgi, kafin mai shago ya ɗora nasa. Ina hedfon, ina kebul, ina ƙafa?

Kb Wunti:
Sai ya ƙara adashi zagaye ɗaya.

Maryam Tumfure:
Bari in ba shi labarina ya auna. Ni amshi nake yi da karanta tallace-tallace, yawanci a gida nake ɗauka in tura. Mayik ɗina na farko kondensa ne, na yi ta murna. Ranar farko na sa hedfon na kunna, sai na ji Mama tana daka a tsakar gida kamar a cikin kunnena take yi. Na ji fanka, na ji firjin falo, na ji yaran Islamiyya na bayan layinmu suna biya karatu. Abubuwan da ban taɓa sanin ana jin su daga ɗakina ba.

Abin da na koma yi shi ne shiga cikin wadirof. Ba wasa nake ba. Na buɗe ƙofofinsa biyu, na ja atamfofi da lesuka gefe da gefe, na kafa mayik a tsakaninsu, na rataya bargo a kan ƙofofin ya rufo bayana. Fitilar waya a hannu ɗaya, takarda a ɗaya. A watan Afrilu, Sadiq, da fanka a kashe. Minti goma nake yi in fito kamar an tsamo ni daga rijiya, in sha ruwa in koma. Amma muryar da ta fito daga cikin kayan nan, wanda na tura wa ya tambaye ni a wane situdiyo na yi.

Daga baya na sayar da kondensan na sayi Samson Q2U. Dainamik ne, wato irin mayik ɗin taro da ake riƙewa a hannu, yana da USB yana da XLR (ramin kebul ɗin mayik mai fil uku), kuma akwai ramin hedfon a gindinsa. Ka soka a laftof ka fara aiki, ba sai da saund kad ba. In ka samu kuɗi gaba ka sayi saund kad, shi ɗin dai za ka ci gaba da amfani da shi ta XLR. Yanzu ko da rana ina ɗauka, in dai ba a kunna injin markaɗe ba.

Ɗan Autan Herwagana:
Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba. Waya da iyafis da manhajar BandLab, na yi waƙa bakwai, ɗaya ma an yi rawa da ita a bikin ƙanwar abokina.

Oga Bala Jekadafari:
Auta, na ji waƙar. An yi rawa da kiɗan ne.

Ɗan Autan Herwagana:
Oga ka gama da ni a gaban jama'a.

Injiniya Habu Bolari:
Salamu alaikum. Ni ba mawaƙi ba ne, gyaran amfilifaya da miksa nake yi, amma akwai wata magana da ake yawan faɗa a nan da nake so in daidaita. Ana cewa dainamik "ba ya ɗaukar hayaniya." Mayik ba shi da hankalin da zai bambance muryar Sadiq da ta ɗan Keke. Abin da ke faruwa shi ne nisa. Dainamik an yi shi ne a matso masa, leɓe kusan yana taɓa ragar. Kondensa kuwa sai ka ja baya kamar taki ɗaya na hannu, in ba haka ba iskar bakinka ta dame shi. Duk lokacin da ka rage nisan bakinka da mayik zuwa rabi, muryarka na ƙaruwa da kamar desibel 6, alhali ƙarar titi tana nan inda take. Daga santimita 20 zuwa 10, ka samu 6. Daga 10 zuwa 5, wasu 6. Sai ka rage geyin, wato maɓallin ƙarfin ɗaukar mayik, hayaniyar ta yi ƙasa, muryarka ta zauna a sama. Sirrin ke nan, ba tsafi ba.

Don haka a ɗaki irin na Sadiq ina bayan Malama Maryam. Kb yana da gaskiya cewa kondensa ya fi fito da sheƙi, amma ina kyautata zaton Kb ba a ɗakin zaure mai kallon layi yake ba.

Kb Wunti:
Gaskiya ɗakina na can ƙuryar gida, kuma na bi bango da katifu. Na yarda da rabi.

Injiniya Habu Bolari:
Sai maganar V8. An kawo mini su gyara ba adadi, na buɗe cikinsu. Akwatin nishaɗi ne na masu hira kai tsaye a waya: batir a ciki, maɓallin tafi, maɓallin dariya, da eko. Ba ya ba da wutar nan ta 48V da kondensa na gaske ke buƙata. Kuma in ka ɗauki murya da ekonsa a kunne, ekon ya manne da muryar, mai miksin ba zai iya raba su ba. BM-800 kuma in ka kwance kan nan mai ƙyalli, abin da ke ɗaukar sautin ɗan ƙarami ne, jikin ne kawai babba. Ba na cewa ba ya aiki. Yana aiki daidai kuɗinsa. Araha dai ba ta ado.

Sadiq Pantami:
Allah ya saka da alheri, na fasa. To in dainamik ne, ba gara in nemi Shure SM58 ba? Shi nake gani a hannun manyan mawaƙa. Akwai wanda ya ce zai ba ni sabo a kwali da sauƙi sosai.

Oga Bala Jekadafari:
Nawa ne "sauƙi sosai"?

Sadiq Pantami:
Ya ce dubu 18.

Oga Bala Jekadafari:
Jabu ne. Ba sai na gani ba.

SM58 tun 1966 ake yin sa, kuma shekara da shekaru farashinsa na wajen dala 100. Lissafa da kanka. Ba na jin akwai mayik ɗin da aka fi yi wa jabu a duniya kamarsa. Ni ma an taɓa yi mini, lokacin ina ganin na waye. Na saya a wani shago, kwali lafiya, jaka lafiya, har da takardu. Na kawo situdiyo na ajiye shi kusa da tsohon nawa na asali. A ido ba ka raba su. Da na ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu sai na ji sabon ba nauyi, na asalin yana kusa da giram 300, yana cika hannu. Na kwance ragar, zaren murfin yana ƙara kamar murfin gwangwani. Na soka, na ce "ɗaya, biyu", in ka motsa yatsa a jikinsa sai ka ji "gurum gurum" a lasifika. Na mayar, mai shagon ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa shi ma haka aka kawo masa. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Yana nan a durowa, yara nake ba wa su yi wasa.

In kuɗinka bai kai na asali ba, sayi ƙaramin suna na gaskiya ya fi babban suna na ƙarya. Behringer XM8500 dainamik ne mai sauƙin kuɗi, kuma don yana da araha masu jabu ba su cika damuwa da shi ba. Ka haɗa shi da saund kad mai ramin XLR.

Malam Jauro Kumo:
Assalamu alaikum, a gafarce ni in shigo da tawa a cikin ta yaro. Mu majalisin bege muke yi, da mandiri da 'yan amshi shida. Muna so mu riƙa adana ƙasidunmu da kanmu. Wannan Solo da ake magana zai ɗauke mu?

Oga Bala Jekadafari:
Allah ya gafarta Malam, Solo mayik ɗaya yake karɓa, ɗaya ramin na jita ne ko fiyano. Ku sai mai baki biyu, kamar Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD. Kuma ku a wurinku maganar ta juya: 'yan amshi shida ba za su matsu a kan dainamik ɗaya ba, kondensa ne zai kwashe su gaba ɗaya in sun yi da'ira. Shawarata ku fara ɗaukar mandiri shi kaɗai, sannan jagora ya ɗora, sannan amshi. In kuka yi a tare mandiri zai shiga kowane mayik ya danne kalmomi. In akwai ɗakin ƙasa mai rufin azara a gidanku, ku yi a ciki. Bangonsa ba santsi, ba ya mayar da sauti kamar siminti da tayil. Na taɓa ɗaukar wani mai gurmi a irin wannan ɗaki, ban ƙara masa komai ba.

Malam Jauro Kumo:
Mi yetti, Allah ya yi albarka. Ɗakin ƙasa kam akwai na marigayi Baffa, buhuna ne kawai a ciki.

Sa'idu Kayan Sauti:
Masu buƙatar mayik, miksa, lasifika, sabo da na hannu, akwai a ƙasa. Ana turawa ko'ina. A yi mini magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Malam Sa'idu, ranar talla Asabar ce. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Sadiq Pantami:
To maganar ɗakin. Wani abokina ya ce in tara kiret ɗin ƙwai in manna a bango, wai yana hana ƙara shiga.

Injiniya Habu Bolari:
Kyankyaso zai ji daɗi. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Hana sauti yawo a cikin ɗaki daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Na farko kayan laushi masu kauri ke yin sa: katifa, bargo, darduma, labule mai nauyi, tulin tufafi. Na biyu sai nauyi da toshe kafa: bulo, ƙofa mai kauri, a cike duk inda iska ke bi. Kwalin ƙwai ba shi da kauri ba shi da nauyi, kamanninsa kawai ya yi da soson situdiyo. Shi kansa siririn soson nan da ake mannawa, sautin sama-sama yake sha, ba ya tare ƙugin janareto.

Da kuɗinka ba za ka iya toshe ƙarar layi ba, kar ma ka fara. Lokaci za ka zaɓa. Bayan sha ɗaya na dare gari ya yi shiru, har zuwa kiran assalatu. Da damina kuma in hadari ya haɗo ka naɗe kayanka, ruwa a kan kwano ba shi da magani.

Maryam Tumfure:
Ka jingina katifarka a kusurwa, ka tsaya bayanka na kallonta, ba fuskarka ba. Ni da farko a bayan mayik nake sa bargo, ashe kuskure ne. Mayik ɗin gabansa yake ji, wato kai da bangon da ke bayanka. Can ne za ka kashe. Ka shimfiɗa darduma a kan tayil ɗin, ka saya wa tagar labule mai kauri a gwanjo. Matacin iska kuma kar ka kashe masa kuɗi: waya ta rataye kaya ka lanƙwasa ta yi zobe, ka ja safar mata mai shara-shara a kai. Duk "fa" da "ba" da ke bugun mayik za su lafa.

Kb Wunti:
Malama Maryam za ta mayar da yaro tela.

Injiniya Habu Bolari:
Saura wuta, wadda ita ce tawa. Sadiq, ranar da ka haɗa kaya ka ji wani "zzzz" ko ƙugi a hedfon, kafin ka zagi wanda ya sayar maka, zare cajar laftof. Sau da yawa nan take zai ɗauke. Gidajenmu da yawa ba a yi musu wayar ƙasa ba, ga cajojin kasuwa marasa kyau, ga ƙaramin janareto da wutarsa ke rawa. Saund kad irin waɗanda aka lissafa daga USB suke shan wuta, don haka laftof mai batir mai kyau ta ishe ka yin aiki ko an ɗauke wuta, kuma a lokacin ne ma sautin ya fi tsabta. In batirin laftof ɗin yayanka ya mutu, canza shi yana gaba da lasifika a jerin sayayyarka. Kebul kuma XLR kai da kai, kar ka yarda da mai ƙaramin kai irin na iyafis. Ka nisanta shi da wayar wuta, kar su kwanta tare.

Kb da masu kondensa, hunturu na tafe. In kun gama ku mayar da shi jaka. Ƙurar nan tana zama a kan fatar cikinsa, in damina ta zo ta jiƙa ta sai ku fara jin tsartsatsi. 'Yar ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, mai shan danshi, ku jefa biyu a jakar.

Ɗan Autan Herwagana:
Sadiq in ka shirya ka zo da filas in sa maka manhajojin haɗa waƙa FL Studio da Auto-Tune kyauta, har da kayan kiɗa cike.

Malam Jauro Kumo:
Ɗana, wannan kyautar, masu abin ne suka bayar ko fasawa aka yi? Ina tambaya ne don mu yabon Manzon Allah za mu ɗauka, ba na so mu ɗora shi a kan haƙƙin wani.

Ɗan Autan Herwagana:
Malam ai kowa haka yake yi.

Oga Bala Jekadafari:
Ba zan yi ƙarya ba, da fasasshe na koya, kamar kusan duk sa'o'ina. Abin da ya raba ni da shi ba wa'azi ba ne, wata rana ce kwamfuta ta kama ciwo daga irin waɗannan fayilolin ta tafi da aikin mutane na wata biyu, har da waƙar biki da aka riga aka biya ni. Malam, akwai hanyar da ba shubuha. Audacity kyauta ne daga masu shi, kuma ya ishe ku ɗaukar ƙasida. Reaper suna ba da kwana 60 na gwaji cikakke, lasisin mai ƙaramin aiki dala 60, kuma ba ya da nauyi, laftof irin ta Sadiq za ta ja shi. Shi kansa FL Studio yana da na gwaji, sai dai in ka adana aiki ba zai buɗu ba sai ka biya. Scarlett ma in sabo ne yana zuwa da manhajojin da za ka sauke da rajista.

Sadiq, RAM 4 ya yi kaɗan. Ka kai ta a ƙara ta koma 8, in da hali a sa mata SSD. Za ka ga kamar an canza maka ita.

Maryam Tumfure:
Kar a manta da hedfon. Rufaffe zai saya, wanda ke rufe kunne ruf, irin su Audio-Technica M20x. In mai buɗaɗɗen baya ne kiɗan zai zubo ya shiga mayik, musamman da yake zai matso kusa. Bulutut kuma a'a, yana jinkiri, za ka riƙa bin kiɗa a baya kamar mai bin liman a sahun ƙarshe.

Oga Bala Jekadafari:
Jinkirin nan ko da waya zai iya samunka. In ka ji muryarka na dawo maka a makare, akwai maɓalli a jikin saund kad da ke turo maka muryar kai tsaye ba sai ta zaga kwamfuta ba, danna shi. Ko ka shiga saitin sauti na manhajar ka rage bafa (buffer) zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka. Ƙananan Behringer irin UM2 da UMC22 da ASIO4ALL ake tafiyar da su a Windows, wato direba, 'yar manhajar da ke haɗa saund kad da kwamfuta, UMC202HD kuwa yana da direbansa. Geyin kuma kar ka bari ja ya kama. In ka ɗaga murya iya ƙarfinka mitar ta tsaya wajen -10, ya yi. Yara suna ganin in bai cika ba bai yi ba, sai su kawo mini murya a fashe.

Lasifika kuwa ka manta da su bana. A ɗakin da ke "tarrr" ƙarya za su yi maka. In ka gama waƙa ka saurare ta a hedfon, ka saurara a bakin waya, ka ba ɗan Keken layinku ya sa a nasa, ka sa a 'yar MP ta mai shayi. A nan mutanenka za su ji ta.

Kb Wunti:
A ina zai saya? A Bauchi ma ba kullum ake samun na gaske ba, ni daga Alaba aka sako mini nawa a mota.

Oga Bala Jekadafari:
Legas ko Kano, ko Jos. Amma kar ya tura wa wanda bai sani ba kuɗi don ya ga hoto. Na hannu ma ba laifi in zai gwada da kunnensa: ya murɗa geyin daga ƙasa zuwa sama ya ji ko yana ƙarƙara, ya girgiza kebul a ramin, ya danna 48V ya ga fitila ta kama. Sadiq, in ka samu ka kawo shagona bayan la'asar mu gwada kafin ka biya. Ba sai ka ba ni komai ba.

Sadiq Pantami:
Oga na gode, Allah ya ƙara girma. Zan zo.

Sadiq Pantami:
Salam manyana, na dawo da rahoto bayan sati uku. Na samu XM8500 sabo, UMC22 na hannu wanda Oga Bala ya gwada, da hedfon rufaffe, da kebul da ƙafa. An ƙara RAM. Batir ne kuɗi bai kai ba, sai wata mai zuwa. Kuma na gano wani abu: sitom ɗin Inna da ke cike da buhunan masara da wake, na tafa hannu a ciki, shiru kamar kabari. Can nake so in koma da aiki.

Injiniya Habu Bolari:
Tsaya! Tambayi Inna ko an sa wa buhunan maganin ƙwari, musamman ƙwayar nan da ake cusawa a cikin wake. Iskar da take fitarwa guba ce, tana kisa a rufaffen ɗaki, kai kuma za ka rufe ƙofa ka yi ta jan numfashi. Malam Jauro, ku ma da ɗakin Baffa, a fitar da buhunan a bar shi a buɗe ya sha iska.

Sadiq Pantami:
Innalillahi. Na tambaya, ta ce an sa wa waken. Na fasa, na koma kusurwata da katifa. Ga abin da na ɗauka jiya ƙarfe biyu na dare, baitin nan na biyu da aka ƙi gyara mini. Sau 14 na maimaita, ba mai kallon agogo.

Kb Wunti:
Kai! Da mayik ɗin taro? To ba laifi. Sheƙin bai kai nawa ba, amma ba laifi.

Maryam Tumfure:
Ma sha Allah ƙanena. Ka ɗan kauce wa mayik in za ka ce "fushi", yana bugawa. Ina safar da na ce?

Sadiq Pantami:
Anti, kunyar shiga layin 'yan safar mata nake ji.

Oga Bala Jekadafari:
Murya ta zauna, ɗakin ya yi shiru. Amma a minti ɗaya da sakan 42 akwai zakara.

Sadiq Pantami:
Na maƙwabta ne Oga, ba ya bin lokaci.

Oga Bala Jekadafari:
Sake layin nan kawai, ka turo mini fayil ɗin WAV ba ta WhatsApp a matsayin murya ba, yana matse shi. Ka turo shi a matsayin takarda.

Malam Jauro Kumo:
Mun fitar da buhunan. Oga Bala, mandiri taki nawa za mu ajiye shi daga mayik?